HumAngle: Jaridar da Rikici Ya Haifa

Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi. Kasuwar shanu ta watse, ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya suka fantsama daji, wasu suka ƙetara duwatsu zuwa Kamaru a ƙafa, wasu suka nufi Yola da 'ya'ya a goye. Jaridun Legas sun ba da labarin, aka ƙwato garin cikin Nuwamba, suka wuce gaba. Wanda ya fita bai dawo ba, sai danginsa ne kaɗai suka ci gaba da cigiyarsa.

Wannan giɓi ne Ahmad Salkida ya ƙudurta cikewa. Ɗan jarida ne daga Borno wanda ya yi aiki da Daily Trust, kuma tun 2006 yake rubutu kan Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, da almajiransa, lokacin da mutane da yawa ke ganin wa'azi ne kawai irin na Maiduguri. Sanin da ya yi wa ƙungiyar bai bar shi ya zauna lafiya ba. A 2013 ya yi ƙaura zuwa Dubai saboda barazana, a Agustan 2016 kuma sojoji suka ayyana nemansa ruwa a jallo bayan fitar wani bidiyon 'yan matan Chibok. Da ƙafarsa ya dawo a watan Satumba, aka tsare shi a filin jirgin Abuja, aka sake shi ba tare da an kai shi kotu ba.

A Maris 2020 ya buɗe HumAngle a Abuja. Ba injin ɗab'i, ba mai talla a tasha. A intanet take, duk mai waya zai karanta kyauta. Aikinta guda ne: rikici da abin da yake yi wa mutane. Irin wannan tsari yana da 'yan'uwa a duniya, kamar mujallar +972 da marubuta suka kafa a Isra'ila a 2010, inda Yahudawa da Falasɗinawa ke rubuta abin da manyan jaridun ƙasar ke kau da kai a kansa.

Inda jaridar ta nuna ƙarfinta shi ne batun matan Knifar. Mata ne daga yankin Bama da aka raba su da mazajensu a wurin tantancewa, aka kai mazan barikin sojoji na Giwa da ke Maiduguri, su kuma aka zube su a sansanin gudun hijira. Shekaru suna yawo da sunayen mazan a takarda. Wakilan HumAngle suka zauna da su a kan tabarma, suka buga labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya, har a 2021 aka sako maza masu yawa. Ba jaridar kaɗai ta yi ba, matan ne suka fara, amma ita ta hana maganar mutuwa. Daga nan ta buɗe rumbun sunayen waɗanda suka ɓace, ta kuma yi binciken manyan kaburbura da hotunan tauraron ɗan Adam, wanda ya ci kyautar Sigma a 2024.

Akwai abin da ke damuna. Kuɗin tafiyar da irin waɗannan jaridu yawanci daga gidauniyoyin waje suke fitowa, kuma mai ba ka yau yana iya juya baya gobe. Sannan mafi yawan rubutun da Turanci ne. Shirin murya na Birbishin Rikici da suke yi da Hausa abin yabo ne, amma bai isa ba. Uwar da ta rasa ɗanta a harin masallacin Unguwar Shuwa da ke Mubi ranar 21 ga Nuwamba 2017 ta fi kowa haƙƙin jin abin da aka rubuta a kan garinta. Malam Ahmad, a ƙaro mana da Hausa da Fulatanci, kuma a ajiye wakili a Mubi.