Daga soron kaka zuwa ɗakin tol

Yau tarihin ɗakunanmu na Gabi za mu taɓa.

Kakanninmu da ƙasa suke gini: bango mai kauri, taga ƙarama, rufin azara ko na ciyawa. Ƙasa kan shanye zafin rana, sai dare ta sake shi. Shi ya sa ko a watan Afrilu, da azahar, soro yana da sanyi-sanyi.

Bayan farin 1973 da na 1984 itace ya ragu, azara ta yi wuya, tol ya samu shiga. Gaskiya ya hutar da mu yaɓe kowace shekara, amma da rana tanda ne. Sai muka koma dogaro da fanka da kuran na NIGELEC, wanda a jahar Maraɗi mafi yawansa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina. Da aka yanke layin a Agusta 2023, har zuwa Maris 2024, ai mun gane kurenmu: ɗakin tol ya ƙi shiguwa, soro ko a jikinshi.

To, kafin mu rushe gidan gado, mu zagaya shi tukuna. Bango ya tsage? A yaɓe. Gara ta ci azara? A canza. Indararo ya toshe? A buɗe kafin damina. Mai tol kuma ya sa plafon, ko na zana ne, ya shuka dogon yaro ta yamma.

A unguwarku soro nawa ya rage? Ku faɗa mana.