WA YA RUBUTA HAIHUWAR KAKANNINMU?

Jama'a, ku gwada tambayar dattijo a Dawakin Tofa ko Dawanau shekarar da aka haife shi. Ba zai ba ku lamba ba. Cewa zai yi "ina goye Sarki Alhaji ya rasu", wato 1953, ko "ina kiwo Sarauniya ta zo Kano", wato 1956. 'Yan baya kuma da canjin hannu na 1972 ko canjin kuɗi na 1973 suke lissafi. Rijistarmu kenan ta asali: ungozoma, wanzami, da liman da ya raɗa suna ran bakwai. Duk a ka take, ba a takarda ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, abin da ya dame su shi ne wa zai biya haraji, ba wa aka haifa ba. Shi ya sa littafin En'e ya san magidanci da baligin namiji, unguwa-unguwa, ta hannun dagatai har zuwa ga hakimi, wanda a ƙasarmu Madakin Kano ne. Jariri kuwa sai ya isa biya tukuna a san da shi. Da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya huta, gaskiya ne, amma rubuta sunaye shekara-shekara ma ya tsaya.

Dokar 1992 ta wajabta rijistar haihuwa a duk Najeriya, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Giɓin da ke tsakani shi muke cikewa da takardar rantsuwa a kotu. Ku duba fayil ɗin ma'aikata ku ga yawan waɗanda aka haifa 1 ga Janairu, kamar gayya!

A Ingila tun 1837 ake rubuta haihuwa, kuma kowa na iya biya ya karɓi kwafen ta kakan kakansa. Mu fa? Takardun zamanin Turawa na lardin Kano suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, wasu a Gidan Ɗan Hausa. Manomi daga Ganduje ba zai niƙi gari ya je neman su ba.

Kar a ɗauka zancen sha'awa ne kawai. Gonakinmu a matse suke, gari na ta cinye su ta wajen Dawanau, kuma shari'ar gado kan tsaya ne a kan wa ya haifi wa.

Shawarata: a ɗauki hoton tsofaffin littattafan haraji da na alƙalai, a ajiye kwafe a sakatariya inda kowa zai iya dubawa. Na rayayyu kuma a killace, sai mai shi ko magajinsa. Kafin nan, wanda yake da tsoho a gida ya zauna da shi da biro da littafi, musamman iyaye mata, don su littafin haraji bai san sunansu ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. A gidanku kakanni nawa za ku iya jerowa?