Daga Karin 'Yan Kallo Zuwa Kwantiragi: Tarihin Ladan Ɗan Wasa a Ƙasar Daura da Katsina

A ƙasar Daura, daga birni zuwa Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua, an san ɗan wasa tun kafin a san ƙwallon ƙafa. Da kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, sai kalangu ya tashi, 'yan dambe da 'yan kokawa su shiga gari-gari. Wasanni sun sauya tun daga wancan zamani, amma tambaya ɗaya ba ta gushe ba: wa ke ciyar da ɗan wasa, nawa ne haƙƙinsa, kuma wa zai tsaya masa ranar da ƙarfinsa ya ƙare? Wanda ya bi sawun wannan tambaya daga fagen dambe zuwa filin folo, daga can zuwa gasar ƙwararru ta Najeriya, zai ga cewa ubangida ne kawai ke sauyawa. Abincin ɗan wasa har yau yana rataye ne da alherin wani.

Zamanin kari

Dambe asalinsa wasan mahauta ne, shi ya sa kalangu ne kiɗansa. Ɗan dambe zai zauna gefen fage, yaransa su naɗe masa hannu da ƙyalle, su bi da zare su ɗaure tamau, makaɗi na zuga shi da sunan ubangidansa da na waɗanda ya taɓa kashewa. In ya shiga ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, sai kari ya ɓarke. Wannan ya manna masa kuɗi a goshi, wancan ya cire riga ya ba shi, wani attajiri ya yi masa alkawarin abin hawa. Ba takarda, ba albashi. Lada na zuwa ne nan take, a gaban jama'a, gwargwadon bajintar ranar.

Duk da haka akwai tsari. Yaro na tashi ne a hannun wani babba, ya ɗauke masa jaka, ya koyi sana'a, har ya ci sunansa, a ce Shagon wane ko Autan wane. 'Yan wasa na da ɓangarori irin su Kudu, Arewa da Guramada, kowa ya san inda ya tsaya. Mawaƙa irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace su ne suka ɗaga darajar gwanaye kamar Shago har sunansu ya zagaya ƙasar Hausa. Amma tsarin yana da rami babba. Ranar da hannu ya karye ko ido ya mutu, kari ya tsaya cak. Wanda ya yi tanadi ya koma fawa ko noma da mutuncinsa, wanda bai yi ba ya koma jiran abin da tsofaffin masoya za su miƙo.

Fada da dawaki

Salo na biyu ya fito daga fada. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya kafa wasan folo a Katsina. Ɗansa Usman Nagogo, sarki daga 1944 zuwa 1981, ya yi fice a wasan har ya kai daraja ta 7, matsayin da ake ambatonsa da shi har yau. A nan ɗan wasa ba ya jiran karin 'yan kallo. Fada ce ke sayen doki, ta ciyar da shi, ta ɗauki nauyin barga da tafiye-tafiye.

Folo ya zo da wata dabara da ta cancanci a lura da ita. Kowane mahayi yana da darajar da aka auna masa, daga 2 ƙasa da sifili zuwa 10, kuma kowace gasa tana da iyakar jimlar da mahaya huɗu na ƙungiya ɗaya ba za su wuce ba. Ma'ana, komai arzikin ubangida, ba shi da ikon kwashe gwanaye duka ya tara a gidansa. Dole ya haɗa babba da ƙarami. Mutanen Katsina sun daɗe da sanin cewa wasa ba ya daɗi in ba a taka wa mai ƙarfi birki ba. Sai dai wannan iyaka ta gwaninta ce, ba ta taɓa batun abin da ke shiga aljihun mahayi ba.

Attajirai, sannan gwamnatoci

Da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin farko, ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya riƙe da aljihunsa. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar a 1978. A wancan lokaci yawancin 'yan wasa ma'aikata ne na kamfani, banki ko ma'aikatar gwamnati. Sunansu na cikin takardar albashi a matsayin akawu ko ma'aikacin ofis, alhali aikinsu na gaskiya a fili yake. Wannan ya ba su wata kariya, domin in ƙafa ta gaza akwai teburin da za a koma.

Shekarun 1980 sun zama na attajirai. Abiola Babes da Leventis United suka riƙa zuba kuɗi, farashin 'yan wasa ya tashi. Amma da masu su suka janye bayan kakar 1987, ƙungiyoyin biyu suka watse, duk da kofunan da suka tara. A shekarar ce kuma aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ranar 23 ga Satumba.

A 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru, kuma a shekarar aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA, Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars. Katsina ta samu tata ƙungiyar, Katsina United, wadda ta taɓa amsa sunan Spotlights, take wasa a filin Karkanda da yanzu ke ɗauke da sunan Muhammadu Dikko. Nan ne matashin Daura mai ƙafa yake hange in ya fi ƙarfin gasar unguwanni da ta ƙananan hukumomi. Daga wannan lokaci gwamnatin jiha ta zama sabon ubangida, a Kano da Katsina, haka a Barno da Bauchi da Neja.

An samu nasarori. Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, sun ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Amma kuɗin da ke tafiyar da irin waɗannan ƙungiyoyi ba daga ƙofar fili ko tallan riga ko talabijin yake fitowa ba. Daga baitulmali yake zuwa, sai takarda ta bi ofis-ofis an sa mata hannu. In gwamna mai son ƙwallo ne, a sha daɗi. In an yi canjin gwamnati ko kason wata-wata ya ragu, a sha wuya. A 2022 Kano Pillars da Katsina United suka faɗa rukuni na biyu tare, suka dawo tare a 2023.

Kuɗin sa hannu

Babu kalmar da ta fi yawo a bakin 'yan ƙwallon gida kamar kuɗin sa hannu. Shekara da shekaru, ga yadda abin yake gudana a ƙungiyoyi da dama. Farkon kaka za a kira yaro ofis, a faɗa masa wani adadi mai tsoka, a ce albashin wata kaɗan ne amma kuɗin sa hannu zai cike gurbi. Ya sa hannu, sau da yawa ba tare da an ba shi kwafin takardar ba. A ba shi wani kaso, a ce saura sai an saki kuɗi. Kaka ta ƙare, a sallame shi, bashin ya bi ruwa. In ya ɗaga murya a ce ba shi da ɗa'a, sauran ƙungiyoyi su guje shi.

Bayan kamfanin LMC ya karɓi ragamar gasar a kakar 2013, ya soke kuɗin sa hannu, ya sa dokar cewa kada albashin ɗan wasa ya gaza naira 150,000 a wata. A lokacin mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a ƙasar naira 18,000 ne, don haka mataki ne mai ma'ana. Amma kafa doka daban, bin ta daban. Koke-koken bashin albashi da alawus ba su ƙare ba, kuma faɗuwar darajar naira ta cinye adadin.

Haƙƙin ɗan wasa bai tsaya kan albashi ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa wasa a Owerri, suka raunata 'yan wasa. A watan Maris na 2020, ana tsakiyar wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United a Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Duk kwantiragin da bai faɗi wanda zai biya kuɗin magani ba, bai tanadi inshora ga iyalin ɗan wasa ba, bai cika kwantiragi ba.

Yadda wasu suka warware nasu

Wasan hoki na kan ƙanƙara ba namu ba ne, amma rikicin kuɗin da ya sha ya dace mu sani. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, ɗan wasa ma ya daɗe ba shi da ta cewa. Da Ted Lindsay ya yi yunƙurin haɗa kan 'yan wasa a 1957, ƙungiyarsa ta Detroit ta tura shi Chicago. Sai a 1967 ƙungiyar 'yan wasa ta tsaya da ƙafarta. Daga baya albashi ya yi ta hawa har masu ƙungiyoyi suka ce asara suke yi. Suka rufe filaye a watan Satumba na 2004, aka soke kakar gaba ɗaya.

Sulhun 2005 ya zo da iyakar albashi: kowace ƙungiya ba za ta kashe fiye da dala miliyan 39 a kan 'yan wasanta a kaka ɗaya ba, kuma 'yan wasa suka yarda aka rage musu kashi 24 cikin 100. Amma ba a tsaya nan ba. An sa mafi ƙarancin abin da dole kowace ƙungiya ta kashe, don kada wani ya yi rowa. An ɗaure iyakar da kuɗin shigar gasar, ta yadda in kasuwa ta buɗe rabon 'yan wasa ya ƙaru. Tun 2013 raba daidai ake yi, kuma a kakar 2024 zuwa 2025 iyakar ta kai dala miliyan 88. Dokar ba ta duba fuskar kowa. Chicago ta ci kofi a 2010, nan take ta rabu da gwanaye irin su Dustin Byfuglien da Andrew Ladd domin lissafinta ya wuce iyaka. Ta gina sabbi, ta sake cin kofin a 2013 da 2015.

Wanda ya ce mu kwaikwayi iyakar kawai bai fahimci labarin ba. Ingila ta taɓa yin iyaka tsurarta, fam 20 a mako, kuma 'yan wasa ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill suka rusa ta a 1961 domin ta zama hanyar danniya. Abin da ya sa ta NHL ta zauna shi ne littafin kuɗi a buɗe yake, 'yan wasa na da ƙungiya mai ƙarfi, kuma abin da aka rubuta ana biya. Matsalarmu ba yawan albashi ba ce. Rashin tabbacin samunsa ne.

Abin da ya rage wa Daura

Akwai haƙƙoƙi biyu da dokokin FIFA suka riga suka bayar, waɗanda ya kamata kowane koci da kowane uba a masarautar Daura ya sani. Na farko, ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana da ikon ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya raba gari da ƙungiyar ba tare da laifi ba. Na biyu, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne tsakanin shekara 12 da 23.

A duba Ahmed Musa. Ya ci ƙwallo 18 wa Kano Pillars a kakar da ta ƙare a 2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ya wuce CSKA ta Mosko, sannan Leicester ta saye shi a 2016 kan kimanin fam miliyan 16. Kashi 5 na irin wannan kuɗi ya isa ya gyara fili, ya sayi takalma da riguna na shekaru. Amma ba ya isa hannun kowa sai wanda ya yi wa ƙungiyarsa rajista, ya yi wa yaransa rajista, yana da shaidar shekarun da suka yi a wurinsa. Kocin da ke tara yara da yamma a bayan makarantar firamare a Sandamu ko Baure, yana saya musu ruwa da ƙwallo daga aljihunsa, in bai rubuta komai ba, wani ne zai ci guminsa.

Don haka gyara daga ƙasa zai fara. Ƙungiyoyin unguwa su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Kada uba ya bar ɗansa ya sa hannu kan takardar da ba a karanta masa ba, kuma kada ya baro ofis sai da kwafinta. Gwamnatin da ta ga za ta riƙe ƙungiya ta ware albashin kaka guda kafin a buga wasan farko, ta bayyana wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, tunda kuɗinsu ne. Nasarar Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta da ta ci gasar ƙasa a 2025, ta nuna wa 'yan kasuwarmu cewa ƙwallo sana'a ce da za a iya shiga da lissafi. Alherin ubangida abu ne mai kyau, kuma ya raya wasanninmu tsawon zamani. Amma matashin da ya sadaukar da ƙuruciyarsa da lafiyarsa ya cancanci haƙƙin da aka rubuta, wanda zai iya nema a gaban hukuma ko da ubangida ya sauya.