Kwanon ciyayya a ƙasar Gobir

Makon jiya na je gaishe da wata gwaggona da ta baro ƙauyensu na gabashin Sabon Birni, tana zaune a wani kango nan Sakkwato da jikoki bakwai. Ana kiran magariba na ga ta raba ɗan tuwon da ta tuƙa gida biyu, ta miƙa wa yaro rabi ya kai ƙofar gida. Na ce, "Gwaggo, wa za ya ci? Ba ki san kowa ba a unguwar nan." Ta ce, "In ban fid da kwano ba, ai ban yi girki ba." Tun ranar nake juya maganar.

Wanda ya tashi a Isa ko Sabon Birni ya san ciyayya. Bayan magariba kowane gida ya fito da akushi ko kwano, maza su zauna a tabarma guda. Baƙo ya sa hannu, almajiri ya samu, shi ma magidancin da gidansa ba a hura wuta ba ya ci ya ƙoshi ba wanda ya gane. Nan hikimar take. A wurin aiki muna ta rubuta takardu a kan tallafin marasa ƙarfi, amma ban taɓa ganin tsarin da ke ciyar da mabukaci ya kuma rufa masa asiri kamar wannan ba.

Kuma ba yau Gobirawa suka fara ɗaukar tukunya a ka ba. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, jama'a ta watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya rikicin gidan sarauta ya sa Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima. Isa kuwa tana ɓangaren Sakkwato, da nata Sarkin Gobir. Sai Turawan Ingila da na Faransa suka zo farkon ƙarni na 20 suka ja layi, Tsibiri ta faɗa can, mu muka faɗo nan. Littattafai sun riƙe sunayen sarakai da wuraren yaƙi. Ba su riƙe sunan matan da suka goyo muciya da irin gero ba, alhali su ne dalilin da ya sa in ka sha hura a Tsibiri yau ba ka bambance ta da ta Gatawa.

Yadda ilimin ke tafiya kuwa ba makaranta ba ce. Yarinya tana fara wa da tsince tsakuwa da izar wuta. Ta kai ga surfe da sheƙa, sannan daka. Sai hannunta ya yi ƙwari a bar ta ta yi talge, tuƙin tuwo kuwa shi ne na ƙarshe, don tuwon gero ba ya yafe wa mai gaggawa, yanzu ya yi gudaji. Ba ma'auni, ido ne da hanci. In ta yi aure ta tarar da wata malamar, uwar miji, mai nata ra'ayi a kan yawan daddawar batso a miyar kuka. Ni kaina, kada ku yi dariya, na iya tuwo. Innarmu maza biyar ta haifa kafin ta samu mace, ni ne na uku, ni muciya ta faɗa wa. Da na je jami'a da shi na yi abokai.

Yunwa ma ta gwada kwanon nan. An yi farin 1973, an yi na 1984 lokacin da iyaka take rufe, har 'yan'uwanmu na Nijar suka sa wa yunwar sunan Buhari. Tsofaffi suna ba da labarin yadda tuwo ya koma kwaɗon tafasa da rama, amma ana fid da shi ƙofar gida haka nan.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na yanzu ya sha bamban. Waɗanda suka bar Alƙalawa sun sami fadama sun yi noma, sun ɗaga rumbu. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi, wasu suka cika Sabon Birni da Isa da Sakkwato, ba gona ba rumbu. Wanda ya zauna sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka ko ya girbe. Mun ga abin da aka yi a Garki a watan Mayun 2020, mun ga yadda aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun masu garkuwa a Agustan 2024. Wa zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan magariba a irin wannan hali?

Babbar jikar gwaggo shekararta goma sha uku. A ƙauye da yanzu ta fara talge. Na tambaye ta, ta ce taliya ta iya dafawa da garin kwaki, don su ake samu a awo na kullum. Turmin gidansu yana can an baro shi. Jiya na aika masu da tiya biyar ta gero da turmi daga Tsohuwar Kasuwa, gwaggo ta aiko a ce mani taɓaryar ta yi wa yarinyar nauyi, in sake wata.