Zabira, Reza da Burushi: Yadda Kayan Aski Suka Sauya a Sakkwato

Ƙofar Dundaye ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na tsohon birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Ganuwa ta daɗe da zubewa, amma sunan ƙofar ya zauna wa unguwa, hanyarta kuma tana kai mutum ƙauyen Dundaye da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A tsofaffin unguwanni irin wannan ne ake ganin zamunan aski suna zaune kafaɗa da kafaɗa: ga wanzami a kan tabarma da zabirarsa, ga shagon aski da janareta yana ƙara a ƙofa. A shagon, kusa da madubi, akwai wani ɗan burushi da ake kakkaɓe wa mutum gashi a wuya. Ba don wannan aiki aka fara yin irinsa ba, kuma tafiyarsa ta fi ta duk abin da ke shagon nisa.

Kafin a zo kansa, sai an fara da mai gida, wato wanzami. Sarkin Musulmi Bello ya shahara da jawo masu sana'a zuwa sabon birninsa, kuma ba a zaman gari ba wanzami. Shi ke askin suna ran bakwai, shi ke yi wa yara shayi, ya yi ƙaho, ya cire hakin wuya, ya yi tsagar gado. Sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Aski, kuma kowane gida ya san wanzaminsa kamar yadda ya san limamin unguwa. Sau da yawa ladan ba na nan take ba ne. Idan an yi haihuwa yana da kasonsa a ragon suna, da kaka kuma a aika masa da damin gero.

Zabirar da yake rataye da ita aikin hannu da yawa ce. Askar daga maƙera take, kuma Sakkwato na da shiyarsu, Maƙera Assada. Fatar ta bi ta hannun majema kafin baduku ya ɗinka ta aljihu-aljihu, kowace aska da ɗakinta. Garin jar akuya kuwa, wadda fatarta ta ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, ba ya rasa fata mai kyau. Ƙahon daga mahauta, a kankare shi, a huda tsininsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yarwa don ya tsufa. Aska ta dakushe, a ɗiga ruwa a dutse a wasa ta, a goga ta a fata, sannan wanzami ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. Ƙota ta tsage, a sake mata wata. Ɗinkin zabira ya kwance, a mayar wa baduku. Akan ga askar da washi ya cinye har ta koma siririya, amma mai ita ba zai ba da ita a kan sabuwa ba, don ta ubansa ce kuma hannunsa ya san nauyinta.

Abin da babu a cikin zabira shi ne burushi. Wanzami da tafin hannu yake aiki: ya ɗebo ruwa, ya jiƙa kai, ya yi ta murzawa har gashi ya yi laushi, wani lokaci da ɗan sabulu. Masu zuwa aski da yawa wannan murzar ce ma daɗin abin a wurinsu.

Shi burushin aski ɗan Turai ne. A Faransa ya fara yaɗuwa wajen tsakiyar ƙarni na 18, aikinsa kuwa tada kumfar sabulu da shafa ta a gemu don gashi ya miƙe wa aska. Mafi daraja shi ne na gashin wata dabba dangin dage, saboda yana riƙe ruwa kuma ba ya sukar fata. Masu ƙaramin ƙarfi suka tsaya a na gashin alade ko na doki. A ƙota ake nuna arziki: ta hauren giwa, ta azurfa, ta ƙaho, ta katako, daga baya kuma ta wata roba mai tauri da ake kira Bakelite. Gidajen da suka yi suna a sana'ar sun haɗa da Kent na Ingila, wanda ya faro a 1777, da Plisson na Faransa a 1808, da Simpson da aka kafa a Landan a 1919.

Reza ce ta fitar da burushi daga shagon aski ta shigar da shi gidaje. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya fito da dabarar siririn ƙarfe mai arha da za a yi aski da shi a yar. A 1903 injin riƙe reza 51 kacal ya sayar, amma da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya sai aka raba wa sojojinta kayansa, suka koma gida da al'adar yi wa kai aski kullum. Yaƙin ya zo da tasa masifar. Gashin dabba mai kyau ya yi wuya, aka riƙa yin burushi da gashin dokin da ba a tsabtace ba, sojojin Ingila da na Amurka da dama suka kamu da cutar antaraks, wadda makiyaya suka sani da ciwon saifa.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shekarar da rezar Gillette ta shiga kasuwa. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa birnin ba. Ya kai Kano a 1911, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, don haka kayan kamfanoni irin su UAC da John Holt da GBO sai an ƙarasa da su a mota daga Gusau. Ta wannan hanya reza da sabulun aski da burushi suka shigo kanti. Masu sayensu su ne akawu, malamin makaranta, ɗan sanda, mutanen da aiki ko ƙwalisa ta sa suke gyara fuska a gaban madubi.

Reza ta samu karɓuwa har a hannun wanzamai, amma burushi ya zauna baƙo. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Bature gemu yake askewa ya bar suma, Basakkwace kuwa kai yake askewa ya bar gemu don sunna, kuma mutum ba ya iya yi wa ƙeyarsa aski. Ga kuma batun gashin alade. Littattafan Malikiyya, har da Muhtasar na Halilu da ake karantawa a zaurukan birnin, sun ɗauki gashin da aka yanke a matsayin mai tsarki ko na wace dabba ne, amma hukunci daban, ƙyanƙyami daban.

Can inda aka haifi burushin ma kasuwarsa ta faɗi. Kumfar gwangwani ta fito a Amurka a 1949, kamfanin Bic ya kawo rezar roba ta yi-ka-yar a 1975, injin aski na lantarki da Leo Wahl ya yi wa rajista a 1921 kuma ya mamaye shaguna. A Najeriya, bayan an tabbatar da ɓullar cutar ƙanjamau a 1986, jami'an lafiya suka yi ta gargaɗi a kan aska ɗaya ga kawuna da yawa. Gargaɗin gaskiya ne, har da cutar hanta. Sai ga mutane suna zuwa wurin wanzami da sabuwar reza a aljihu, masu hali kuma suna ajiye kilifarsu. Burushi ya koma aikin shara da shafa hoda.

Daga farkon wannan ƙarni abin ya juyo. Tsadar rezar zamani ta sa wasu a Amurka da Turai suka koma askin kakanninsu, cikinsu har aka samu waɗanda gyaran tsohon burushi ya zame musu abin sha'awa. Sukan tsinto ƙotar Ever-Ready ko Rubberset a kasuwar gwanjo, gashinta duk ya zube. A datse ragowar gashin da almakashi, a ƙwaƙule gindinsa da injin huda, a hankali, don tsohuwar roba ba ta da wuyar fashewa. A wanke, a bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har launin asali ya fito. Sai a auna bakin ramin, wanda galibi ba ya wuce milimita 20 zuwa 26, a sayo sabon ƙullin gashi daidai da shi, yawanci daga Sin, na dabba ko na roba. Idan ramin ya yi zurfi, wasu kan jefa kwabbai a ciki don gashin ya ɗago kuma ƙotar ta yi nauyi, sannan a liƙe da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Masana lafiya a Amurka sun ja kunne a 2017 cewa a yi hattara da gashin burushin da aka yi kafin 1930, saboda ƙwayar saifa na iya shekaru tana kwance.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da wanzami ba zai ga baƙon abu a wannan aiki ba. Abin da su suke yi don nishaɗi, shi don dole ya yi shi, kuma ya fi su daɗewa a kai. Bambancin kawai, su sun rubuta tarihin kowace ƙota, sun san kamfaninta da zamaninta, mu kuwa zabirar tsoho na rataye a zaure har gara ta gama da ita. Ba wanda zai ce a koma yi wa jama'a aski da aska ɗaya. Amma maƙera na nan, dukawa na nan, ga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a cikin gari. Gyara tsohuwar zabira, da rubuta wanda ya ƙera askarta da gidajen da ta yi wa suna, aiki ne da ya kamata a yi tun dattawan da suka san amsar suna da rai.