Jirgin Ƙasa da Turbar Ƙafa: Tarihin Tattakin Yini Guda a Ingila

Tattakin yini guda al'ada ce da ta kafu a Ingila tun ƙarni na 19. Mutum ya yi sammako ranar Asabar ko Lahadi, ya hau jirgin ƙasa daga birni, ya sauka a wata ƙaramar tashar ƙauye, ya taka mil goma ko goma sha biyar ta cikin gonaki, ko kan tsaunuka, ko gaɓar teku, sannan ya kama jirgin yamma a wata tashar daban ya kwana a gidansa. Abubuwa biyu ne suka haifi al'adar: jirgi mai araha, da turbar ƙafa wadda doka ta hana mai gona toshewa. Jirgin dai kamfanoni ne suka kawo shi don neman riba. Turbar kuwa sai da talakawan birane suka shafe fiye da shekara ɗari suna fafutuka kafin ta tabbata.

Tun fil azal ƙauyukan Ingila suna da ƙananan hanyoyi da suke ratsa gonaki zuwa coci, kasuwa, ko rijiya. Matsayinsu ya yi kama da na burtali: ƙasar tana da mai ita, amma wucewa haƙƙin kowa ne. A ƙarni na 18 da farkon na 19 majalisar dokoki ta yi ta ba manyan masu ƙasa izinin killace filayen da jama'a suke kiwo a kai, wasunsu kuma suka haɗa har da turbobin suka rufe. A daidai lokacin ne mutanen karkara suke kwarara zuwa masaƙun Manchester da maƙerun Sheffield, inda hayaƙin kwal yake turnuƙe unguwanni. Ma'aikacin da ya yi kwana shida a cikin wannan hayaƙi babu abin da yake marmari kamar iska mai kyau. Shi ya sa tun a 1826 aka kafa ƙungiyar kare tsofaffin turbobi a Manchester, wadda ta riƙa kai masu toshe hanya gaban alƙali.

Layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester ya fara ɗaukar fasinja a 1830. A 1841 aka buɗe layin Landan zuwa Brighton da ke bakin teku, kuma a wannan shekarar Thomas Cook ya shirya wa mutum kusan 500 jirgi na musamman daga Leicester zuwa Loughborough, zuwa da dawowa a kan sule ɗaya. Dokar 1844 ta tilasta wa kamfanoni su riƙa fitar da aƙalla jirgi ɗaya kowace rana mai rufin tarago, a kan kwabo ɗaya kowane mil. Saura lokacin hutu. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu su tashi aiki da ƙarfe biyu na rana ranar Asabar, wata dokar ta 1871 kuma ta ware ranakun hutun ƙasa. Ba kowa ya yi maraba da jirgin ba. Mawaƙi William Wordsworth, wanda ya yi suna wajen yabon tafkunan arewa maso yammacin Ingila, ya fito a jarida a 1844 yana adawa da kai layin dogo Windermere, don gudun kada cincirindon 'yan birni ya ɓata wurin. Layin ya buɗe a 1847, kuma har yau shi ne ƙofar da dubban masu tattaki suke shiga yankin ta cikinta.

Tsarin tafiya daga tasha zuwa tasha ya fito fili a hannun masu ilimi na Landan. A 1879 marubuci Leslie Stephen, mahaifin Virginia Woolf, ya tara abokansa lauyoyi da malamai cikin wata ƙungiya mai suna Sunday Tramps. Sukan hau jirgin safe zuwa Surrey ko Kent, su taka kimanin mil ashirin, su dawo ta wani layin. Jadawalin jirgi shi ne yake yanke tsawon tafiyar da saurinta, domin wanda ya yi nawa zai tarar jirgi ya tashi. A arewa kuwa al'adar ta ma'aikata ce. Da aka buɗe layin kwarin Hope ga fasinja a 1894, ƙaramar tashar Edale ta zama kusa da Manchester da Sheffield duka biyu, kuma a 1900 G. H. B. Ward ya kafa ƙungiyar Sheffield Clarion Ramblers, wadda tafiyarta ta farko ta tashi daga Edale ta zagaye tsaunin Kinder Scout.

Zagayewa suka yi saboda hawa haramun ne. Saman Kinder Scout, mai tsayin mita 636, da yawancin filayen tuddan da ke kewaye da shi, an keɓe su ne don renon wani tsuntsu dangin fakara da attajirai suke harbi daga 12 ga Agusta kowace shekara. Harbin na 'yan makonni ne, amma masu gadi da sanduna suna tsare da wurin shekara cur. James Bryce ya gabatar da ƙudurin buɗe tsaunukan Sikotilan a majalisa tun 1884, an kuma sake kawo irinsa sau da yawa, duk suka faɗi.

Shekarun 1930 su ne lokacin da tattaki ya zama yayi. Rashin aiki ya yi yawa, kuma tafiya da ƙafa ba ta cin kuɗi in ban da na tikiti. A 1930 aka kafa ƙungiyar masaukan matasa masu araha. Kamfanonin jirgi suka ga kasuwa, suka shiga buga littattafan hanyoyi da sayar da tikitin da mutum zai sauka a wata tasha ya dawo ta wata. A lokacin bikin Ista na 1932 kamfanin Great Western ya fitar da jirgi daga tashar Paddington wanda ba a gaya wa fasinjoji inda za shi ba sai bayan ya tashi, jama'a kuma suka yi cincirindo har aka ƙara wani jirgin. A bazarar shekarar kamfanin Southern ya kwashi mutane da tsakar dare zuwa tudun Chanctonbury don su ga fitowar rana, marubuci S. P. B. Mais yana yi musu jagora.

Ranar 24 ga Afrilun 1932 ita ce aka fi tunawa. Matasa wajen 400, yawancinsu ma'aikata daga Manchester, suka taru kusa da garin Hayfield, inda layin jirgi ya ƙare, suka hau Kinder Scout da gangan ba tare da izini ba. Jagoransu Benny Rothman yana da shekara 20. Aka yi ɗauki-ba-daɗi da masu gadi, ɗaya daga cikin masu gadin ya ji rauni. Da suka sauko 'yan sanda suka kama wasu, kotu a Derby ta ɗaure mutum biyar, daga wata biyu zuwa wata shida. Manyan ƙungiyoyin tattaki na lokacin ba su goyi bayan hawan ba, suna ganin zai lalata lallamin da suke yi wa masu ƙasa. Amma tsananin hukuncin ya juya hankalin jama'a, kuma 'yan makonni bayan hawan mutum kusan 10,000 suka hallara a mashigin Winnats suna neman a buɗe tsaunuka. Masana tarihi har yau suna jayayya kan ko hawan ne ya kawo sauyi ko kuwa haƙurin masu lallami. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kowanne ya taimaki ɗan'uwansa: masu hawan suka ja hankalin ƙasa, masu lallami kuma suka rubuta doka.

A 1935 aka haɗa ƙungiyoyin wuri guda da sunan Ramblers' Association. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1949 ta ba da damar kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, ta kuma umarci ƙananan hukumomi su zana kowace turba a taswirar hukuma. Wannan aiki na taswira bai yi suna kamar hawan Kinder ba, alhali shi ne ginshiƙi, domin turbar da ta shiga taswira ta sami shaida a gaban kotu. Yankin Peak District ya zama gandu na farko a 1951. Hanyar Pennine Way, wadda ɗan jarida Tom Stephenson ya kawo shawararta a 1935, ta buɗe a 1965, mil 268 daga Edale zuwa iyakar Sikotilan.

Ana samun turba sai jirgi ya fara janyewa. Rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi kimanin mil 5,000, galibi na karkara. Layin Scarborough zuwa Whitby da ke bin gaɓar teku ya rufe a 1965, na Hayfield kuma a 1970. Babbar asara ce ga marar mota. An kwashe ƙarafunan wasu layukan an mai da su hanyar ƙafa da keke, har da waɗannan biyun. Wasu kuwa masu tattaki na cikin waɗanda suka cece su. Layin Settle zuwa Carlisle ya kusa mutuwa, amma jiragen ƙarshen mako da aka fara fitarwa don masu tattaki a 1975 suka nuna akwai fasinja. Aka sake buɗe ƙananan tashoshinsa a 1986, gwamnati kuma ta ƙi amincewa da rufe shi a 1989.

Turbobin gaɓar teku asalinsu daban ne. Da yawa daga cikin na kudu maso yamma ma'aikatan tsaron gaɓa ne suka taka su a ƙarni na 19, suna sintiri suna leƙa kowane lungu don kama 'yan fasa-ƙwauri, shi ya sa suke bin bakin gangare kurkusa. Daga bisani aka haɗe su suka zama hanya ɗaya mai mil 630 daga Minehead zuwa Poole, kuma gajerun layuka irin na St Ives, wanda aka buɗe a 1877, suna sauke mutum a bakinta. Ga mazauna Landan, ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen da suka fi shahara ita ce daga tashar Seaford zuwa ta Eastbourne, kimanin mil 13 a kan fararen duwatsun alli da ake kira Seven Sisters.

Dokar shekara ta 2000 ta ba jama'a 'yancin yawo a kan tsaunuka da filayen da ba a nomawa, wato abin da matasan 1932 suka nema. Ta 2009 kuma ta umarci a fitar da hanya ɗaya da za ta zagaye gaɓar Ingila baki ɗaya, kimanin mil 2,700. Ingila da Wales a yau suna da turbobin jama'a kimanin mil 140,000. Duk da haka, filin da mutum zai iya shiga ya yi yawo yadda ya so bai wuce kashi 8 cikin ɗari na ƙasar Ingila ba, yayin da Sikotilan ta buɗe kusan dukkan ƙasarta da dokar 2003.