Ciwon fargaba: Alamominsa da hanyoyin neman magani a Talata Mafara, Bakura da Maradun

A shekarar 2021 kaɗai, 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, sun kutsa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sannan suka kwashe ɗalibai a garin Kaya na Maradun. Ko an sako waɗanda aka sace, tsoro ba ya barin zukata nan take. Akwai ɗan kasuwar da gabansa ke faɗuwa da ya ji ƙarar babur, da ma'aikacin da ba ya runtsawa a jajibirin tafiya Gusau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da rikici ya ɗaiɗaita, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ciki har da fargaba.

Mene ne ciwon fargaba?

Tsoro a lokacin haɗari ba cuta ba ne. Yana zama ciwo ne idan ya zarce kima, ya ɗauki watanni, har ya hana mutum sana'a, barci ko shiga jama'a. Alamominsa sun haɗa da bugun zuciya, sarƙewar numfashi, gumi, karkarwa, saurin fushi da yawan zullumin cewa masifa na tafe. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. A 2019 mutum miliyan 301 ne ke ɗauke da shi a duniya, amma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Ina za a fara?

Matakin farko shi ne ganin likita a babban asibiti mafi kusa, kamar na Talata Mafara. Dalili kuwa, hawan jini, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan zo da alamomi masu kama da na fargaba, sai da gwaji ake bambancewa. A bayyana wa likita komai, har da abin da aka gani ko aka rasa. Idan larurar ta buƙaci ƙwararre, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Magani iri biyu ne. Akwai na tattaunawa, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke rura tsoronsa da tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali. Akwai kuma ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a barin shansu kwatsam ba da sanin likita ba. A guji sayen Valium ko tramadol a kyamis don samun barci, domin jiki na sabawa da su, matsala ta zama biyu.

Amfanin zama cikin rukuni

Ciwon fargaba yana ƙaruwa ne idan mutum ya kaɗaita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na zama biyar, sau ɗaya a mako, wanda mutumin da aka horar zai iya jagoranta ko da ba likita ba ne. An gwada shi da mata a kwarin Swat na Pakistan bayan rikici, aka ga damuwarsu ta ragu. Ana koyon numfashi a hankali, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa ga ayyukan da aka yasar.

Tushen irin wannan zama yana nan a al'adarmu: majalisa, 'yan adashe, ajin Islamiyya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Abin da ake buƙata shi ne ƙa'ida. Kada rukunin ya yi yawa, maza daban mata daban, a tsayar da rana, a riƙe sirri, kada a tilasta wa kowa ba da labarinsa, kuma a samu ma'aikacin lafiya da zai riƙa dubawa. Addu'a da nasihar malamai suna kwantar da hankali, kuma ba sa hana zuwa asibiti.

Haƙƙi da gaggawa

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a farkon 2023, ta haramta nuna wariya ga masu wannan larura, har a wurin aiki. Ma'aikaci bai kamata ya ɓoye ciwonsa don tsoron rasa kujera ba.

Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ya daina ci, ko ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira ranar zaman rukuni. A kai shi asibiti a ranar.